Dardumar Jikokin Zinariya

A Birchi in an ce Zinariya, mace ɗaya ake nufi, tsohuwar nan da ba ta iya sassauta murya ba, matar marigayi Malam Sabitu. Ba ta da saniya, ba ta da rumbu biyu. Abin da take da shi darduma ce, ja da baƙi da ratsin fari, mai kauri har yatsa kan nutse a ciki, faɗinta ya kusa cinye ɗaki. Malam ne ya zo da ita daga gabas shekarar da ya dawo hajji a ƙasa, bayan shekara bakwai ba labarinsa. Bai taɓa salla a kanta ba, buzunsa ya ishe shi. Ranar da ya kwance ta ya shimfiɗa, cewa ya yi ƙasar ɗakin nan tana da sanyi, yara su riƙa kwanciya a kai. 'Ya'yansu suka kwanta suka girma suka tashi. Yanzu jikoki ne a kai su uku, Hawwa'u da Maniru da autarsu Luba, wadda aka yaye aka kawo wa kakarta.

Zamanin nan Turawa ba su daɗe da zama ba. Uban yaran, ɗanta Ilu, an ɗebe shi aikin hanyar jirgin ƙasa can wajen Funtuwa, ba a tambaye shi ko yana so ba. Uwarsu Rakiya, ga ciki ga fartanya, tun da sassafe take gona. Gida da yara sai Zinariya.

To, wanda bai taɓa riƙe yara uku a ɗaki ɗaya ba, ya yi shiru ya ji. Wannan ya ɓarar da kunu, wancan ya shigo da taɓo har gwiwa, waccan ta yi abin da ta yi ba ta gaya wa kowa ba. Amma ka shiga ɗakin Zinariya da hantsi, sai ka rantse amarya ce a ciki. Daɓen da hannunta ta yi shi, ta shafe da ruwan makuba har yana ƙyalli. In amai ko kashi ya faɗa masa, toka take zubawa, ta kwashe da sakaina, ta bi da tsumma, an wuce wurin. Darduma kuwa aikinta daban. Akwai wani kasko mai karyayyen baki da ba ya barin gefen murhu, kullum cike da rairayin rafi yana shan zafi. Da ta ɗaga yaro ta ga jiƙa, sai ta ɗebo rairayin da zafinsa, ta gauraya da tankaɗaɗɗiyar toka, ta zuba a wurin, ta danne da diddige. Rairayi ya tsotse. Ta kwashe, ta zuba sabo, ta sake kwashewa, sannan ta bi da tsintsiyar laushi ta inda gashin ya kwanta. Ƙarshe ɗan garin kajiji don ƙamshi. Kafin kunun yara ya huce ta gama.

Ruwa ne kawai ba ta yarda ya taɓa ta. Sau ɗaya aka gwada, tun Ilu yana rarrafe, ja ya zubo cikin fari, darduma ta kwana huɗu ba ta bushe ba, ɗaki ya ɗauki warin rima. Daga ranar ta yi rantsuwa.

Ran wata Litinin, farkon damina, tana tsugune tana danna rairayi tana faɗa.

"Kai angon banza, yau ma kai ne?"

Maniru ya ce, "Ba ni ba ne, Kaka, Luba ce."

"Luba ta kwana gabas, tafki ya kwana yamma. Fiffike ta yi?"

"Ta gangaro ne."

"Ta gangaro ta jiƙa maka gindi ta koma? Na sake ka, je ka nemi wata matar. Hawwa'u, fita da shi ki wanke shi, kada ya taka min nan."

Sai aka yi sallama, aka shigo tsakar gida ba a jira amsa ba. Dalhatu ne, ɗan Rahamatu mai daddawa, sa'an Ilu, haifaffen lungun nan. Ya tafi Dutsin-Ma ya sami aikin tsaron bariki, gidan da Bature ke sauka in ya fito rangadi, har ana ce masa sarkin bariki. Shi ke tara itace da kaji da ƙwai, shi kuma ke nuna mazan da za su ɗauki kayan Bature a ka zuwa gari na gaba. Wannan nunin yatsa shi ya sa dattawa masu furfura ke tsuguna masa. Mutum biyu na biye da shi, suka tsaya bakin darni.

"Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya. Mi ya kawo ka da sassafe da ƙattai biyu?"

"Alheri ne. Bature zai sauka gobe, ɗakin bariki ba shimfiɗa. Na ce ai Gwaggona tana da abin fita kunya. Aro ne, kwana uku. Ranar Alhamis da kaina zan kawo ta."

"Shi Baturen bai da tabarma a garinsu?"

"Gwaggo kenan."

"In na ce a'a fa?"

Dalhatu ya yi murmushi, ya dubi farcensa. "Ai ba za ki ce ba. Ilu yana hannun mutanen nan. Magana ɗaya ake kai musu, wa'adin mutum ya ƙaru."

Ku ji fa. Yaron da ta sha goya wa uwarsa in za ta kasuwar Kurfi. Zinariya ta dube shi har sai da ya kau da kai, amma me za ta yi? Ta ɗaga Luba daga kan darduma, yarinyar tana ihu tana riƙe geza. Ƙattai suka naɗe suka saɓa suka fita. Daɓe ya zauna tsirara.

Alhamis ta zo ta wuce. Wata Alhamis ɗin ma ta wuce. Ruwa kuwa ya sauka da gaske, ƙasa ta sha ta ƙoshi, daɓe ya fara tsatsafo da sanyi daga ƙasa. Tabarma ba ta tare komai ba. Zinariya ta zuba ciyawa ƙarƙashinta, ciyawa ta jiƙe. Ta ɗaura gadon kara, Luba ta faɗo sau biyu ta ƙi sake hawa. Ta sauko da buzun Malam, wanda take salla a kai, ta kwantar da yarinyar, da safe buzu ya jiƙe, da ya bushe ya ƙandare kamar ganga. Luba ba ta san wurin barci ba sai kusurwar nan ta darduma mai zanen tauraro, inda take goga kumatu har ido ya rufe. Ba barci, ga sanyi. Sai tari ya kama ta, irin mai kukan nan a ƙirji. Aka jiƙa sassaƙe, aka turara hayaƙi, aka kira wanzami ya duba, tari yana nan yana ƙaruwa.

Zinariya ta kasa zama. Ta shiga ɗaki ta fito. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Ta zuba rairayi a kasko, sannan ta tuna ba abin da za ta zuba wa. Duk wanda ya ɓullo ta hanyar Dutsin-Ma da kaya a ka, sai ta fita bakin darni ta kafa masa ido har ya wuce.

Rakiya ta ce, "Inna, ki zauna ki ci wani abu."

"In zauna a kan mi?"

Ta je wurin mai gari. Ya ce ta yi haƙuri, abin bariki sai a hankali. Ta ce ƙirjin jikarta bai san a hankali ba. Washegari ta goya Luba, don yarinyar ba ta yarda da bayan kowa, ta kama hanyar Kurfi wurin alƙali. Ta iso rana ta take. Malamin da ke rubutu a zauren ya saurare ta har ƙarshe, ya ce gaskiya mutumin da take ƙara a Dutsin-Ma yake zaune, can za ta bi shi. Ta juyo ko ruwa ba ta sha ba. Ta kwana gida, gari na wayewa ta kama ɗaya hanyar.

A Dutsin-Ma ba ta tambayi kowa bariki ba, ta hango shi daga nesa, ginin jar ƙasa da rufin ciyawa a gefen gari. Bature ya daɗe da tashi. Gindin wata tsamiya a bakin ƙofa, ga dardumarta a shimfiɗe, ga Dalhatu a kai yana salla, yana jan sujada don masu wucewa su gani. Ta tsaya a kansa har ya sallame.

"Tashi ka naɗe min kayana."

Ya shafa addu'a a hankali. "Wane kaya, Gwaggo?"

"Wanda kake kai."

"Wagga? Ai gadona ce. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa."

"Ubanka Sa'idu mai jaki? Da ya mutu a kan keson tabarma, ni na ba da zanen da aka lulluɓe shi?"

"Tsufa ya fara taɓa ki, Gwaggo. Taki na aika miki tun ranar Alhamis, ki tambayi gida." Ya juya ga mutanen da suka fara taruwa. "Jama'a, ku dubi dardumar nan. Tsohuwa mai jikoki uku masu fitsarin kwance, a ce wagga daga ɗakinta ta fito? Ku sunsuna ku ji."

Wani ya sunkuya ya sunsuna, ya ce ƙamshi take. Aka yi dariya. Tsabtar da ta kashe ƙugunta a kai shekara da shekaru, ita ya ɗauka ya mare ta da ita. Abin da Zinariya ta faɗa masa a wurin ba ya maimaituwa, ta taɓo shi ta taɓo kakanninsa. Luba ta farka a bayanta ta shiga tari har tana shiɗewa. Wannan ne ya rufe mata baki. Ta wuce zauren alƙali.

A ƙofar zauren akwai wata mai suyar gyaɗa, Maryamu, 'yar Birchi ce da aure ya kawo ta nan. Ita ta gane ta, ta ba ta ruwa, ta nuna mata wanda za ta gaya wa. Alƙali ya karɓi ƙara, ya sa aka ɗauko darduma aka ajiye a wurinsa, ya ce ta kawo shaidu maza biyu nan da kwana uku.

Ta sake komawa Birchi. Ta je wurin Salisu maƙwabcinta, wanda ya zauna a kan dardumar nan ranar sunan kowane jika. Ya ce idonsa ba ya gani sosai yanzu. Ta je wurin Mahmuda, wanda Malam ya karantar tun daga allo har sauka. Ya sunkuyar da kai ya ce 'ya'yansa maza uku ne, duk sun isa ɗaukar kaya, Gwaggo ta duba masa. Ta ce ta duba, ta ga namiji da gemu da zuciyar kaza. Gida bakwai ta shiga. Kowa ya san dardumar, ba wanda ya san ta.

Rakiya ta ce, "Inna, ki bar masa. Kada a taɓa Ilu."

Zinariya ta kama hannunta ta ɗora a ƙirjin Luba. "Ji nan. Kin ji? In bar masa wanne?"

Ranar da aka sa, kwana goma sha tara da ɗauke darduma, ta iso zauren alƙali da hantsi, ƙafafu sun kumbura, Luba a baya, ba shaida ko ɗaya. Zaure ya cika, don labari ya zaga gari. Alƙali dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu. Aka shimfiɗa darduma a tsakiya. Dalhatu ya zo da riga mai aiki da shaidunsa biyu, mai ɗebo ruwan bariki da mai yankan ciyawar doki. Suka ce sun sha ganinsa yana salla a kanta. Ba su yi ƙarya ba, ba dai wanda ya tambaye su tun yaushe.

Alƙali ya ce, "Dalhatu, faɗi naka."

"Allah ya gafarta Malam, mahaifina ya yi shekara ashirin yana salla a kanta. Da ya rasu na gaje ta, ni ma ban taɓa salla a kan wani abu ba."

"Iya, ina shaidunki?"

"Suna gida suna tsoro, Allah ya gafarta Malam."

"Tsoro ba ya tsayawa a gabana ya yi magana. Ke kika yi ƙara, ba ki kawo shaida ba, rantsuwa ta hau kansa. In ya rantse, tasa ce."

Aka tashi ɗauko Alƙur'ani. Luba ta shiga tari a bayan kakarta, Zinariya ta kwance goyon don yarinyar ta sami numfashi, ta tsayar da ita a ƙasa. Yarinyar ta ɗaga kai. Ba ta dubi alƙali ba, ba ta dubi kowa ba. Ta taka da ƙafafunta masu rawa ta hau darduma, ta wuce tsakiya, ta je kusurwar tauraro ta kwanta, ta shiga goga kumatu.

Dalhatu ya yi dariya. "Yaro ai ko'ina ya ga laushi kwanciya yake."

Luba ta ɗan jima a haka. Sannan ta tashi ta tsuguna a wurin, hankalinta kwance kamar a ɗakin kakarta, ta saki fitsari.

"Innalillahi!" Dalhatu ya miƙe tsaye. "Wurin sallar ubana! Najasa! A kawo ruwa!"

Wani ya ruga ya sungumo tulu. Zinariya ta sha gabansa.

"Wanda ya zuba ruwa a dardumar nan, a kansa zan fasa tulun."

"Iya," in ji alƙali, "nan zauren shari'a ne."

"Na sani, Allah ya gafarta Malam. Jikata ta ɓata, ni zan gyara. A bar ni kawai." Ta leƙa ƙofa ta ɗaga murya. "Maryamu! Kwashe gyaɗarki ki kawo min kaskon da rairayinsa! Haɗo da toka!"

Masu suyar gyaɗa a cikin rairayi suke suya, kowa ya sani. Maryamu ta shigo da kasko riƙe da tsumma yana turiri. Zinariya ta ɗaure zane, ta murje tokar a tafin hannu ta zubar da gawayi, ta gauraya, ta zuba, ta danne da diddige. Ta kwashe da murfin ƙwarya. Ta sake zubawa, ta sake dannewa, ta kwashe. Ta karɓi tsintsiyar zauren, ta ce wagga ta share jaki ce, ta yar, ta cire kallabinta ta naɗe a hannu ta bi gashin ta inda ya kwanta. Daga bakin zanenta ta kwance ƙullin kajiji ta barbaɗa. Mutane ba su gama gyara zama ba ta miƙe.

"A nuna min inda ta yi."

Malamin rubutu ya sauko ya duba. Ya shafa nan ya shafa can. Ya ce shi dai ya san kusurwar ce, amma bai ga wurin ba.

Dalhatu ya ce, "To, ta iya shara. Shara ce shaida?"

Zinariya ta ce, "Kama can, ɗan Rahamatu."

"In kama mi?"

"Bakin dardumar ubanka. Kama mu juya ta."

Bai motsa ba. Alƙali ya ɗaga yatsa, mutum biyu suka kama suka kifar da ita.

Daidai bayan tauraron, ga da'ira baƙa, ɗanya, faɗin faifai, ta yanzun nan. Rairayi fuska yake tsotsewa, abin da ya riga ya nutse ƙasa yana nan inda ya sauka. Kewaye da ita kuwa, wasu da'irorin ne, busassu, wata kan wata, wasu rawaya wasu ruwan ƙasa, manya da ƙanana, daga wannan baki har wancan. Ba sai an gaya wa kowa ko mene ne ba, ga sabuwar nan a tsakiyarsu tana faɗa. Zinariya da kanta ta daɗe ba ta dube su da rana ba. Kunya ta taso mata, matar da duk Birchi ke misali da ɗakinta, ga abin da ke ƙasa an baje a gaban maza. Ta haɗiye ta. Ta ɗauki sandar wani ta fara nunawa.

"Wanga babban na tsakiya na Ilu ne, shekarar da ya yi ƙyanda. Waɗanga na yamma duk na Maniru ne, shi ba ya canja wuri. Wanga baƙin ba fitsari ba ne, kunun kanwa ne, Hawwa'u ta kifar. Nan kusurwa kun ga mai ita." Ta kai sandar can gefe, kan wata tsohuwa da ta kusa ɓacewa. "Wanga kuwa naka ne, Dalhatu. Ranar da uwarka ta bar min kai ta tafi Kurfi da daddawa. Ka sha fura ka yi barci ka saki."

Ko nasa ne ko ba nasa ba, Allah ya sani. Shi dai bai musa ba. Zaure ya fashe da dariya, har mai yankan ciyawar doki, shaidarsa, ya rufe baki da hula.

Alƙali bai yi dariya ba. Ya sauko daga buzunsa, ya tsuguna, ya kai hanci kusa, ya ɗago.

"Dalhatu, shekara nawa ka ce mahaifinka ya yi yana salla a nan?"

Dalhatu ya sunkuyar da kai, alƙali ya ci gaba.

"Na san Sa'idu. Talaka ne, amma ban san shi da wasa da tsarki ba. Ga Alƙur'ani an kawo. Za ka dafa ka ce a kan wanga ya yi shekara ashirin yana kai goshi? Yana kabari, ba zai iya kare kansa ba. Kai za ka faɗa."

Dalhatu ya dubi littafin, ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa.

"Aro na yi," ya ce, can ƙasa.

"Ban ji ba."

"Aro na yi, Allah ya gafarta Malam. Na yi niyyar mayarwa."

"Sallar da ka yi a kai cikin rashin sani, tsakaninka da Ubangijinka. Da ka dafa littafin nan, da wata magana ake. Iya, ɗauki kayanki."

Zinariya ba ta ɗauka ba. Ta juya darduma fuska sama, ta nuna wani rami faɗin tafin yaro, bakinsa a ƙone, inda garwashin lofen Bature ya faɗa. Ta nuna gefe ɗaya da aka yanke gezarsa kakaf, Dalhatu ya yi wa linzamin dokinsa ado da ita.

"Wanga fa? Da tafiya biyar da na yi da yarinya ba lafiya? Da haukar da ya ce ina yi a gaban mutane? Bulala nawa?"

Alƙali ya dubi hanyar bariki ta ƙofar zaure. "An mayar miki da kayanki, Iya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da ke hannuna."

"To, a rubuta wanga. Ya ce min magana ɗaya zai kai a ƙara wa ɗana Ilu wa'adi a wurin aikin jirgi. Kowa a nan ya ji. In Ilu ya ƙara kwana ɗaya a kan na abokan tafiyarsa, nan zan dawo, kuma ba da yarinya zan zo ba, da taɓarya zan zo."

Alƙali ya ce a rubuta, ban da taɓarya. Aka rubuta.

Ko bulala ɗaya ba a yi masa ba. Ya fita da rigarsa ya koma barikinsa, yana nan yana nuna mutane da yatsa. Ita ce ta naɗe darduma, Maryamu ta taya ta ɗorawa a ka, ta goya Luba, ta kama hanyar Birchi da ƙafafun nan kumburarru, hadari yana haɗuwa a gabas, tana sauri tana zagi, kada ruwa ya taɓa mata kaya. Ta shiga gida ɗigon farko yana sauka.

Ba ta shimfiɗa nan da nan ba. Sai da ta kakkaɓe ƙasar takalmi da gashin karen Bature, ta bi ta da rairayi mai zafi tun daga wannan baki har wancan, sau biyu. Yara suna tsaye a bakin ƙofa suna rawar ƙafa. Da ta ce to, suka faɗa kai gaba ɗaya. Maniru ya sa yatsa a ramin ya ce wa ya yi wannan, ta ce wani ango ne da ya fi shi rashin kunya. Luba ta je kusurwarta, ta goga kumatu, ko tuwo ba ta jira ba. Ta yi barci har rana ta fito ta hau darni. Kwana huɗu kukan ƙirjin ya fara sauka, kafin sati ya zagayo tana bin kaji a tsakar gida.

Salisu da Mahmuda sun zo barka. Ta bar su a tsaye.

Ramin yana nan. Ta cusa masa tsumma ta ɗinke, amma rairayi yana taruwa a ciki, kullum sai ta sa yatsa ta ƙwaƙulo, kullum kuma in ta ƙwaƙulo sai ta ambaci sunan Dalhatu. Geza tana wuyan dokinsa har yau. Ba wanda ya zo ya ce mata Gwaggo yi haƙuri. Duk ranar kasuwar Dutsin-Ma, in ta gama da ɗaki ta ɗora kasko a gefen murhu, sai ta bar wa Rakiya yara ta kama hanya, ta je ta tsaya gindin tsamiyar nan ta bakin bariki, ta ɗaga murya yadda na cikin kasuwa za su ji, ta ce a ba ta gezarta.